Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Sarakunan Zongo da Limaman Kumasi: samari na tambayar hujja, a ba su

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarkin Zongo, Allah ya ƙara wa sarakunan ƙabilu da magajiyoyi lafiya, Allah ya gafarta malamanmu. Masu wannan takarda 'ya'yanku ne da ƙannenku: malaman makaranta, masu sana'a, da masu shiga tsakani idan rigima ta tashi a Asawase, Aboabo, Sawaba da Akwatia Line. Mun rubuta ta a fili domin maganar da ke cikinta kullum ana yin ta, sai dai kowa da nasa yake yi. Dattawa a bakin masallaci bayan Magariba suna cewa yaran yanzu ba su san girman na gaba ba. Samari a bes, wato majalisarsu ta hira, kan butar ataya, suna cewa manya da hukuma bakinsu ɗaya. Tsakanin tabarmar dattawa da bencin samari wani lokaci bai fi taku ashirin ba, amma maganar ba ta taɓa tsallakawa.

Mun san inda taka-tsantsan ɗinku ya samo asali, kuma ba mu raina shi ba. A 1957, shekarar da Ghana ta sami 'yanci, aka kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan daga ƙasar saboda siyasa, har majalisa ta yi doka da sunansu don kada kotu ta tsayar da korar. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita, gidaje suka watse a zangunan nan, wasu da aka haifa a Kumasi suka bi motar zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. A 1979 soja suka rushe kasuwar Makola a Accra, suka yi wa 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a da sunan ɓoye kaya. Wanda ya ga waɗannan da idonsa ya koyi darasi ɗaya: hukuma wuta ce, a ji ɗuminta daga nesa, idan ta matso a lallaɓa ta. Da wannan lallami aka tsare Zongo shekara da shekaru, a ƙasar da ba mu ne masu ita ba, ƙarƙashin inuwar Manhyia, fadar Asantehene sarkin Asante.

Akwai kuma abin da samari ba su gani ba. Girman maigida a da aiki ne yake sayo shi. Baƙo ya sauka daga Kano, ko Sakkwato, ko ƙasar Mosi da shanu ko neman goro, maigida ne zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da kaya bashi. Idan ya yi rashin lafiya gidan ne, idan ya isa aure maigida ne waliyyi, idan ya rasu shi zai nemo likkafani da kabari. Wanda ya yi maka duk wannan, in ya ce zauna, ka zauna ba tare da tambaya ba. "Bin na gaba bin Allah" a wancan zamani magana ce da kowa ke ganin amfaninta a tukunyarsa.

Yanzu ku duba yaron da aka haifa bayan kundin tsarin mulki na 1992. Bai taɓa ganin juyin mulki ba. Ya ga ƙuri'a ta sauke jam'iyya mai mulki a 2000, da 2008, da 2016, da 2024. Tun daga 2001 da aka soke dokar da ke ɗaure mutum kan ɓata suna, yana jin talaka na buga waya gidan rediyo yana tuhumar minista. Tun Satumba 2017 ƙannensa ke shiga babbar sakandare kyauta. Kuɗinsa a Momo yake, wato asusun kuɗi na waya, ɗakinsa haya ne, aikinsa tuƙin pragya, keke mai ƙafa uku, ko sayar da waya a Kejetia, ko kanikanci a Suame, ko gwangwan a Akwatia Line, kuma ba maigida ne ya samo masa ba. Ba ya ganin kansa baƙo, domin kundin ya ce wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne shi ma ɗan Ghana ne. Shi ya sa idan aka tsare shi da tambayoyi wajen neman fasfo saboda sunansa, dattijo zai ce a yi haƙuri a nemi wanda ya san wani, shi kuwa zai ce a nuna masa dokar. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan ƙasa da shekara 15 su ne kashi 35.3 cikin ɗari na mutanen Ghana, 'yan 15 zuwa 35 kuma kashi 38.2. Ke nan kusan uku cikin kowane huɗu na waɗanda kuke shugabanta ba su san 1969 ba sai a labari.

Yaran nan har gobe suna cire takalmi a ƙofar fada, suna durƙusawa su gai da liman, su ne ke kafa rumfa da jera kujeru ranar suna da addu'ar bakwai, su ne ke haƙa kabari. Ladabi yana nan. Abin da ya canza shi ne, in an ce su yi shiru suna so a faɗa musu me za a yi a madadin maganarsu, wa zai yi, kuma yaushe za a dawo da amsa. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, gaskiya ne. To, a gaya masa abin da aka hango.

Abubuwa uku da suka faru a jihar nan sun ishe mu misali. A Fabrairu 2016 rikici ya ɓarke a Old Tafo kan katangar maƙabarta, aka rasa rai, aka sa dokar hana fita. A 17 ga Yuli 2018 'yan sanda suka harbe mutum 7 'yan Zongo a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Samarin Asawase suka fito titi, shugabanni suka tsaya kan sai an yi bincike mai zaman kansa, kwamitin da gwamnati ta kafa bai sami hujjar cewa 'yan fashi ne ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane iyali sidi 250,000. A ƙarshen Yuni 2021 a Ejura, bayan jana'izar Ibrahim Mohammed da aka fi sani da Kaaka, wani ɗan fafutuka da aka kashe, soja suka buɗe wuta kan samari masu zanga-zanga, mutum 2 suka mutu. A maganar Asawase ƙarar samari ce ta hana a binne zancen, zaman manya da hukuma kuma shi ya mai da ƙarar ta zama takarda da diyya. Da ɗaya ya rasa ɗaya, da ba a kai nan ba. Inda aka yi asara kuwa, a awowin farko aka yi ta, lokacin da fushi ya riga tsari fitowa.

Don haka roƙonmu na farko a kan waɗannan awowi ne. Kowace fada ta ware mutum uku da lambar wayarsu ke manne a ƙofar masallatan unguwa: dattijo ɗaya, saurayi ɗaya mai karatu, mace ɗaya. Idan an kama yaro, aikinsu su je ofishin 'yan sanda da kansu, su rubuta ranar da lokacin kamun, sunan ofishin, sunan mai binciken, da laifin da ake zargi. Sashe na 14 na kundin ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kamun nan take cikin harshen da yake ji, a gaya masa yana da ikon ɗaukar lauya, kuma a kai shi kotu cikin awa 48 ko a sake shi. A 2019 Kotun Ƙoli ta ce Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin, don haka "sai Litinin" ba amsa ba ce. Belin 'yan sanda ba a biyan kuɗi a kansa, mai tsayawa ake nema da shaidar inda yake zaune. Kada yaro ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan bayanin da ba a karanta masa ba. Bayanin amsa laifi da aka ɗauka a tsare sai da shaida mai zaman kansa wanda ke jin harshen yaron. Wanda ba shi da kuɗin lauya a kai shi Hukumar Taimakon Shari'a, wanda aka doka ko aka ci zarafinsa a shigar da ƙara a CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, a rubuce. Inda abin ke lalacewa shi ne a tura dattijo shi kaɗai ya je "ya ga oga", ya dawo ya ce an yi magana. Samari ba su ji me aka faɗa ba, sai zato ya cike gurbin. Kafin Isha'i wani ya riga ya sa a WhatsApp cewa an karɓi ambulan. In mutum ukun suka dawo suka karanta abin da suka rubuta a gaban iyalin da samarin bes, zato ba ya samun wurin zama.

Maganar gawa ta fi wannan nauyi, kuma a nan ne muke roƙon malamanmu su yi mana fatawa bayyananniya tun babu gawa a ƙasa. Sunna ce a gaggauta binnewa, ba mai musu. Amma wanda aka kashe, ko ya mutu a tsare, dokar ƙasa ta sa a sanar da alƙalin binciken mutuwa, kuma rahoton likita shi ne ƙashin bayan duk wata shari'a da za ta biyo. Idan aka yi wanka aka binne kafin likita ya duba, an binne hujja tare da mamaci, kuma tono daga baya ya fi jinkirin kwana ɗaya ciwo. Abin yi: a ɗauki hoton raunuka kafin wanka, a nemi wani daga iyali ko likitan da suka yarda da shi ya halarci binciken, a karɓi lambar rahoton. Tufafin da ke da jini a shanya su a inuwa a sa a jakar takarda, domin leda tana riƙe danshi ta ruɓar da su. Bidiyon da aka ɗauka a bar asalinsa a wayar da ta ɗauka. Wanda aka yi ta turawa a WhatsApp yana rage kyau kuma bayanan lokacin ɗaukarsa suna gogewa. Idan dattijo ya ce "a binne, Allah zai saka", saurayi yana jin an ce jinin ɗan'uwansa ba shi da mai nema. Idan liman da kansa ya ce a jira likita zuwa gobe da hantsi kuma ga dalili a shari'a, babu wanda zai ƙona taya.

Zanga-zanga ma tana da ƙa'ida, kuma ya kamata fada ta san ta fiye da samari. Dokar taro da zanga-zanga ta 1994 ba ta ce a nemi izini ba, sanarwa ta ce a ba 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana 5 kafin ranar. In sun nemi a ɗage ko a sauya hanya, masu shiryawa su amsa a rubuce cikin awa 48, in ba a daidaita ba kotu ce ke raba gardama. Ɓarnar dukiyar gwamnati kuma tana iya komawa wuyan masu shiryawa. Hana samari fita gaba ɗaya ba ya hana su fita, sai dai ya sa su fita babu jagora. Gara fada ta taya su rubuta sanarwar, ta sa masu tsare layi, ta zaɓi wanda zai miƙa takardar koke.

Sai sulhu. Kundin ya bayyana sarki da wanda ya fito daga gidan sarauta aka naɗa shi bisa al'adar ƙasar, kuma kowa ya san a Asante ƙasa da kujerunta na Otumfuo Asantehene ne da sarakunansa. Ƙarfin fadar Zongo yardar jama'a ne, ba ta da kurkuku ba ta da ɗan sanda. Amma doka ta ba ta ƙofa mai faɗi da ba a cika amfani da ita ba. Dokar sasanta rigingimu ta 2010 ta amince da hukuncin gargajiya idan ɓangarorin biyu sun yarda da kansu, kuma biyan ɗan abin zaman da kowannensu ya yi shi ne alamar yardar. Hukuncin yana ɗaure su, kuma in an rubuta shi ana iya yi masa rajista a kotu don a zartar. Abin da ake bukata kaɗan ne: littafi mai lambar shafi, magatakarda, sunayen masu gardama da shaidu, abin da kowa ya faɗa, abin da aka yanke, sa hannu, kwafi ga kowane ɓangare. Kuskure biyu ne ke kashe wannan aiki. Na farko, a saurari babba a zaune a bar yaro a tsaye, a ce masa ya ba da haƙuri tun bai gama bayani ba. Ya bayar a baki, ya fita ya nufi kotu ko Facebook. Na biyu ya fi muni: a ɗauko laifin da doka ta hana a sasanta a gida, kamar fyaɗe ko lalata da ƙaramar yarinya, a rufe shi da goro don kare sunan gida. Dokar 2010 ɗin da kanta ta hana kai laifi gaban sulhun gargajiya sai da umarnin kotu. 'Yan matanmu da suka yi karatu sun san haka, kuma duk ranar da aka rufe irin wannan magana, fada ta rasa su ke nan har da 'ya'yan da za su haifa.

Kuɗi kuwa maganarsa gajera ce. Sadakar Juma'a mutum uku su ƙirga a wuri ɗaya, su rubuta, su sa hannu. Asusun banki da sunan masallaci, sa hannun mutum biyu kafin a cire ko sisi. Lambar Momo ta masallaci ce, kada ta zama ta aljihun wani, ko da shi ne mafi amana a unguwa, domin ranar da ya rasu magada ba za su iya bambance nasa da na Allah ba. Ƙarshen wata a manna abin da ya shiga da abin da ya fita a allo. Mafi yawan zargin da ake yi wa dattawa ba sata ce ta jawo shi ba, rashin takarda ne. Kuma takarda tana kare mai gaskiya kafin kowa.

Haka filayen masallaci, makaranta da maƙabarta. Da yawansu kyauta ce ta baki tsakanin wani sarkin ƙasa da wani kakanmu, duka biyun sun rasu. A ƙasar sarauta ba a sayar da fili har abada, haya ce ta shekaru, kuma takardar rabon fili da sarki ke bayarwa matakin farko ce kawai. Sai an zana taswirar filin wurin safiyo mai lasisi, an bi ta ofishin filaye na Asantehene, an yi rajista a Hukumar Filaye. A nan ilimin ɓangarorin biyu ke haɗuwa: dattijo ya san wa ya bayar da kuma inda iyaka ta tsaya, yaro ya san fom da kwamfuta. A ɗauki bayanin tsofaffin nan a murya da rubutu tun suna da rai.

Game da kujera a majalisa: manufar ƙasa ta ce matashi shi ne ɗan 15 zuwa 35. A wurare da yawa Sarkin Samari ya aurar da 'ya'ya. Ba mu ce a tuɓe kowa ba, girmansa yana nan. A ƙara kujeru biyu, namiji da mace, 'yan ƙasa da 35, waɗanda samari za su zaɓa da kansu na shekara biyu, a ba su damar magana kafin a yanke shawara, a rubuta abin da suka faɗa. In fada ce ta zaɓo su, za a kira su 'yan amshin shata tun ranar farko. Kuma a ƙarfafa su su tsaya zaɓen ɗan asambili, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, da kwamitin unguwa mai mutum 5 a Asokore Mampong da sauran majalisu, inda ake maganar kwata, shara da fitilar titi, maimakon a ce wa yaro ya janye wa babba.

Siyasa ita ce ta fi cin mutuncin rawani a idon yara. Sashe na 276 na kundin ya hana sarakuna shiga siyasar jam'iyya. Ko da wani zai ce sashen bai ambaci sarakunan Zongo ba, hikimarsa ta shafe mu. Ɗan takara ya zo gaisuwa, a karɓe shi, a yi masa addu'a, abokin hamayyarsa ma haka. Abin da ya kawo na jama'a, shinkafa ne ko siminti, a faɗi adadinsa a fili. A tambaye shi a rubuce me Asusun Raya Zongo, wanda aka yi dokarsa a 2017, ya yi a unguwar. Dokar samun bayanai ta 2019 ta ba jami'i kwana 14 ya amsa irin wannan takarda. Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919 kuma yake Babban Limamin ƙasa tun 1993, kowace jam'iyya tana zuwa gidansa a Fadama, kuma samarin da ba sa jin maganar kowa suna jin tasa, domin ba a taɓa iya cewa ga inda aka saye shi ba.

Ba mu wanke samari ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu zagin sa'an kakansu a TikTok don a kalla, akwai masu yaɗa labarin da ba su tantance ba alhali doka na hukunta yaɗa ƙaryar da ke tada hankalin jama'a, akwai waɗanda tramol ya cinye, akwai masu sayar da ƙarfinsu ga 'yan siyasa ranar zaɓe duk da dokar 2019 da ta tanadi ɗaurin shekara 10 zuwa 15 ga 'yan bangar siyasa. Wanda ya ɗauke su aiki ba ya zuwa kotu tare da su. Wannan magana muna faɗa musu a bes, kuma za mu ci gaba. Sai dai tana shiga kunne ne idan mai faɗinta zai iya nuna musu ƙofar da za su bi in sun bar titi.

Muna roƙon Sarki ya sa rana a kira zama ɗaya, a fili, a harabar babban masallaci ko wata makaranta, ba a cikin zaure ba. Kowace ƙabila ta zo da dattijo ɗaya da matashi ɗaya, magajiyoyi su zo da 'yan mata biyu-biyu, a gayyaci lauya ɗaya da likita ɗaya daga cikin 'ya'yan Zongo. A yi magana da Hausa, a fassara wa mai bukata da Twi ko Dagbani. A fito da sunayen mutum ukun kowace unguwa a ranar, malamai su sa lokacin da za su ba da amsa kan jinkirta jana'iza don binciken likita, a buɗe littafin sulhu a shafinsa na farko. Littattafan da kwafin dokokin da muka ambata mu za mu kawo.

Allah ya ja zamaninku, ya ƙara muku lafiya.

Wassalam,
'Ya'yanku da ƙannenku daga zangunan Kumasi